Dattawan Kuyello da Kafafen Sada Zumunta: Waiwaye Kan Sauyin da Waya Ta Kawo

Kafafen sada zumunta na intanet sun shiga rayuwar tsofaffin ƙasar Hausa ta hannun 'ya'yansu da jikokinsu. A gabashin Birnin Gwari kuwa, inda Kuyello take, shigowarsu ta zo daidai da shekarun da rashin tsaro ya tarwatsa gidaje, ya rufe kasuwanni, ya mayar da hanyoyin mota abin fargaba. Don haka duk mai son sanin yadda waɗannan kafafe suka shafi dattawan yankin dole ya haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya. Abin dubawa ta fuska biyu ne. Ta farko ita ce himma, wato abin da ke sa tsoho ya tashi da safe da niyyar yin wani abu, ya je gona ko masallaci, ya shiga sulhu, ya ba da shawara. Ta biyu ita ce kwanciyar hankali da lafiyar jiki: barcinsa, fargabarsa, da ko yana jin har yanzu shi wani ne a cikin mutanensa.

Ƙasar da mutanenta

Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Kaduna, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000. Ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Kuyello na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, tana ɓangaren gabas tare da Kutemeshi da Tabanni da Kazage da Dogon Dawa. Mutanen wannan ɓangare manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar hatsi. Masara da dawa da shinkafa da waken suya su ne ƙarfin arzikinsu, kuma hulɗarsu ta ciniki da neman magani da karatu ta karkata sosai wajen Funtuwa da Zariya.

A irin wannan ƙasa tsoho ba ya ajiye aiki don ya kai wasu shekaru. Yana nan a gandu har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya koma mai ba da umarni: wace gona za a bari ta huta, yaushe za a fara shuka, buhu nawa za a kai kasuwa, nawa za a bari a rumbu. Shi ke karɓar aure ya ba da aure, shi ake kai wa rikicin iyakar gona. Tsohuwa kuma ita ke karɓar haihuwa, ta kula da mai jego, ta san sassaƙe da saiwa, ta riƙe adashi, ta yi wa jikoki tatsuniya. Ƙimar tsufa a nan ta dogara ne ga buƙatar da ake da ita ga tsohon. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace sabuwar hanyar sadarwa da shi.

Kafin zuwan waya

Dattawan da suka haura shekara sittin a yau sun tashi ne a zamanin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus ta buɗe sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mai rediyo a ƙauye mutum ne da ake taruwa a ƙofar gidansa. Ana jin labarai tare, a kashe akwatin, sannan a tattauna, kuma manya ne ke da kalmar ƙarshe a kan abin da aka ji. Da azumi a saurari tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello, ko na Sheikh Dahiru Usman Bauchi. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suna zuwa ta rediyo da kaset. Wanda ke da ɗa a birni yana iya jin gaisuwarsa a shirin Zaɓi Sonka.

Labarin gida kuwa da ƙafa yake tafiya. Idan an yi rasuwa a tashi ɗan aike a keke ko babur, idan an yi haihuwa a raba goro. Ranar kasuwa ita ce ranar jin halin da 'yan uwa na ƙauyukan kewaye ke ciki, direbobin motocin haya kuma su ɗauki wasiƙa da saƙon baka zuwa Zariya da Kaduna. Labari yana jinkiri, amma kafin ya isa ya bi ta hannun mutanen da aka sani, kuma sau da yawa a zauren maigida ko a ƙofar mai unguwa yake fara sauka. Tsoho shi ke fara ji, shi ke tacewa, shi ke zaɓar lokacin da za a gaya wa mata da yara. Wannan matsayi ne waya ta fara girgizawa.

Daga salula zuwa saƙon murya

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, da kamfanonin MTN da Econet, Glo kuma ya shigo a 2003. Ta ɗauki shekaru kafin turakun sabis su kai ƙauyuka, kuma har yanzu akwai wuraren da sai an hau tudu ko an fita bayan gari ake samun layi. Ƙaramar waya mai madannai ita ce ta fara shiga aljihun dattawa, domin tana da fitila da rediyo, cajinta kuma yana daɗewa. Daga baya katin memori ya maye gurbin kaset. Aka sami matasa a bakin kasuwa masu sana'ar cajin waya da janareto ko sola, suna kuma tura wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Ta wannan hanya tsofaffi da yawa suka fara cin moriyar abin da ke yawo a intanet ba tare da sun taɓa sayen data ba.

An kafa Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, amma muddin rubutu ne hanyar magana a cikinsu, yawancin tsofaffin karkara suna waje. Da yawansu sun yi karatun allo, suna karanta Alƙur'ani da ajami, boko ne bai zauna musu ba. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya ƙara a 2013, sai kiran murya a 2015 da kiran bidiyo a 2016. Wayoyin shafawa masu araha irin su Tecno da Itel suka cika kasuwa. Daga nan tsohon da bai iya haɗa baƙi a boko ba ya iya danna alama ɗaya ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi nasiha, ya rufe da sa albarka, kamar yadda zai yi da a zaurensa yake.

Amfanin dattawa da waɗannan kafafe ya kasu mataki-mataki. Ƙalilan ne, galibi malamai da tsofaffin ma'aikata da manyan 'yan kasuwa, ke riƙe da babbar waya suna sarrafa ta da kansu. Wasu suna da wayar amma jika ne ke buɗe musu saƙo. Mafi yawa ba su da ita, sai dai a kawo musu ta wani a ce, "Kaka, ga Yaya yana gaishe ki," ko a kunna bidiyo a majalisa kowa ya leƙa. Duk da haka abin da ke yawo a kafafen yana isa gare su, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ke tayar da himmar dattijo

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin abin da ke motsa mutum. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka sun bayyana cewa himma mai ɗorewa tana tsayawa ne a kan buƙatu uku: mutum ya ji da zaɓinsa yake aiki, ya ji ya iya abin da yake yi, ya kuma ji yana da mutanen da suka damu da shi. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa idan mutum ya fahimci sauran kwanansa ba su kai waɗanda suka wuce ba, yakan rage neman sababbin abokai ya mayar da hankali ga 'yan kaɗan da ke kusa da zuciyarsa. Duka bayanan biyu sun dace da abin da ake gani a dattawan Hausa. Tsoho ba ya neman mabiya dubu a Facebook. Muryar 'yarsa da ke aure a nesa yake so, da labarin aminin da suka yi ƙuruciya tare, da karatun da zai amfane shi ranar gobe.

Ta fuskar addini ne aka fi ganin ƙaruwar himma. Tafsirin da a da sai azumi ake jinsa yanzu yana cikin waya duk shekara. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, suna ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, haka ma na malaman ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya da na Izala. Tsohon da idonsa ya yi rauni yana bin tilawa da kunne. Tsohuwar da ba ta sami zuwa Islamiyya da ƙuruciya ba tana maimaita sura har ta zauna mata. Wannan karatu yana ba yini tsari, yana kuma ba tsoho abin da zai faɗa idan an zauna.

Ta fuskar sana'a ma haka. Manomin da a da sai ya aika yaro kasuwa kafin ya san farashi, yanzu yana jin yadda buhun masara ya kwana a Funtuwa ko a Dawanau ta Kano kafin ya buɗe rumbu. Ana turo masa hoton sa ko rago ya yi ciniki yana zaune. Dattijon da ƙafa ta gaza yana iya ci gaba da jan ragamar gandu, kuma hakan yana tsawaita shekarun da ake buƙatarsa.

Koyon wayar shi kansa yana da tasiri. Al'adar Hausa ta sa kunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari, kuma da wuya uba ya zauna ɗansa yana gyara masa kuskure. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Jika zai tsokani kakansa cewa ya kasa danna abu ɗaya, kakan ya rama, a yi dariya, a sake gwadawa, ba wanda girmansa ya zube. Shi ya sa a gidaje da yawa jikoki ne malaman waya. Ranar da tsoho ya aika saƙo da hannunsa ba tare da ya kira kowa ba, ya sami wata 'yar nasara da ke ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Zumunci bayan watsewa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Fiye da shekara goma na hare-haren 'yan bindiga sun hana ƙafa tafiya a Birnin Gwari. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Birnin Gwari zuwa Funtuwa sun yi ƙaurin suna wajen tare motoci da sace matafiya. Ƙauyuka sun tashi, gonakin da ke nesa da gari sun koma daji. A gabashin ƙaramar hukumar, ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta sami wurin zama, kuma a 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta sha bayyana cewa mayaƙan sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan yankin. Matasa da magidanta da yawa sun yi ƙaura zuwa Zariya, Funtuwa, Kaduna da Abuja. Tsofaffi wasu sun bi su, wasu sun ƙi barin gidajen iyayensu da kaburburansu.

Ga waɗanda suka zauna da waɗanda suka tafi, zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan gari ya zama wurin haɗuwa. A nan ake sanar da rasuwa da haihuwa, a yi ta'aziyya da barka, a haɗa gudummawar asibiti ko ta biki. Kakar da ba za ta iya zuwa suna ba tana ganin jaririn a kiran bidiyo ta sa masa albarka. Dattijon da ke gudun hijira a ɗakin haya a birni, inda babu mai saninsa, yana jin ana ce masa "Baba, me ka gani a wannan magana?" daga mutanen da suka san ko shi wane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffin duniya suna rayuwa a ware daga jama'a, ta kuma danganta hakan da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa, har ta kafa kwamiti na musamman a kan lamarin a watan Nuwamban 2023. A da ana ɗaukar wannan a matsayin matsalar Turai. Gudun hijira ya kawo ta ƙasar Hausa, kuma ga tsofaffi da yawa saƙon murya ne ya rage mata kaifi.

Sai dai akwai hasarar da ke ɓoye a cikin wannan sauƙi. Ɗan da ke aiko da gaisuwa kullum ta waya yana iya ganin ya sauke nauyi, ya shekara bai zo ba. Murya ba ta ɗebo ruwa, ba ta kai tsoho asibiti, ba ta lura cewa ya rame. Iyaye kuma, don kada su tayar da hankalin 'ya'yansu, sukan ce lafiya lau ko da ba haka ba ne.

Nauyin da ke biyo baya

Babbar illar kafafen ga dattawan wannan yanki ita ce fargaba. Wayar da ke kawo muryar jika ita ke kawo hoton gawarwaki, da bidiyon waɗanda aka sace ana dukansu, da muryar wani da ba a sani ba yana cewa an ga babura sun nufo gari. Wasu daga cikin waɗannan gargaɗi gaskiya ne kuma sun ceci rayuka. Wasu tsofaffin hotuna ne daga wata jiha ko wata ƙasa. Tsohon da ya riga ya binne ɗa ko ya sayar da gona don biyan kuɗin fansa, kowane irin wannan saƙo yana tayar masa da mikin da bai warke ba. Barci ya ƙaurace, hawan jini ya tashi, zuciya ta karaya ga zuwa gona ko da a ranar da babu komai. Ta waya ne kuma masu garkuwa ke kira su yi cinikin fansa, kuma sau da yawa dattijon gida ne ke amsawa. Ga wanda ya taɓa shiga wannan hali, ƙarar waya daga baƙuwar lamba ta isa ta sa gabansa ya faɗi.

Sai ji-ta-ji-ta. Dattawa sun tashi a kan cewa abin da aka ji a rediyo an tantance shi, kuma gani ya kori ji. Wannan amana ce suke ɗorawa a kan bidiyo da muryar da aka turo, alhali kowa na iya haɗa su. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi iyayensu da asuba, wasu suka kwanta asibiti, aka kuma sami asarar rai. Ga mai hawan jini irin wannan shawara guba ce. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce: wani bincike da Andrew Guess da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya gano cewa a zaɓen Amurka na 2016, waɗanda suka haura shekara 65 sun yaɗa labaran ƙarya a Facebook kusan ninki bakwai na abin da matasa suka yaɗa. WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri a 2018, ya kuma taƙaita turawa zuwa wurare biyar a 2019, amma alamar rubutu ce, ba ta amfanar wanda da kunne yake karɓar saƙo. Masu tallan maganin da ke warkar da kowace cuta da 'yan damfara masu kira da sunan banki ko tallafin gwamnati suna samun kasuwa a wannan giɓi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa tsofaffi da yawa miƙa katinsu da lambar sirrinsu ga wasu, abin da ya ƙara buɗe su ga cuta.

Akwai kuma juyewar matsayi. A yau yaro ɗan shekara goma sha biyar yana riga kakansa jin rasuwar da aka yi a dangi. Yana jin fatawar malamai uku kafin limamin unguwa ya buɗe baki. A majalisa matasa na zaune jiki a nan, ido a kan TikTok, tatsuniyar dare ta ja baya. Tsohon da ya ga ba a tambayarsa komai yakan yi shiru, shirun kuma ya zama janyewa. Muhawarar malamai da zage-zagen siyasa da ke cika kafafen suna ƙara masa jin cewa zamani ya lalace. A wuraren da ake zargin akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, mutane na tsoron faɗin ra'ayinsu a zauren da ba su san duk waɗanda ke ciki ba, don haka dattijon da ya saba faɗin gaskiya a bainar jama'a ya koyi kame baki. BEPU ta kuma ba da rahoton cewa 'yan Ansaru sun raba katin memori mai ɗauke da wa'azinsu a yankin, wato hanyar da tsofaffi ke samun karatu ita ce aka bi don jan hankalin jikokinsu.

Kuɗi ma nauyi ne. Data da caji da gyaran waya suna cin abin da tsoho ba ya samu, kuma ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni a watan Janairun 2025 ya ƙara tsada. Wanda sai ya roƙi a saka masa data kafin ya gaisa da 'yarsa yana jin dogaron a ransa.

Tsofaffin mata

Rabon mata a wannan sauyi ya bambanta. Sun fi maza ƙarancin mallakar babbar waya da ƙarancin karatun boko, amma su ne suka fi riƙe zumunci, kuma su ne aure ya fi raba su da 'ya'yansu mata. Tsohuwar da ke takaba ko wadda ciwon ƙafa ya zaunar tana samun abokan hira a muryoyin da ake kawo mata. Ana tambayarta ta waya yadda za a yi wa mai jego da abin da za a ba jariri mai kumburin ciki, iliminta ya ci gaba da aiki a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Matsalarta ita ce rashin sirri. Idan da wayar jika take magana, ba za ta iya faɗa wa 'yarta abin da ke damunta game da suruka ko rashin abinci ba, domin mai wayar yana tsaye, saƙon kuma yana nan a ajiye.

Watanni biyu babu sabis

A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, don hana 'yan bindiga hulɗa da masu ba su bayanai. An haɗa da hana hawa babur da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Zamfara ta riga ta ɗauki irin wannan mataki a farkon watan, Katsina ma ta rufe layukan ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da Funtuwa da Sabuwa da Ɗandume, maƙwabtan gabashin Birnin Gwari. An ba da umarnin maido da layukan Kaduna a ƙarshen watan Nuwamba.

Waɗannan makonni sun nuna matsayin da waya ta kai a rayuwar tsofaffi. Hotunan tashin hankali sun daina zuwa, mutane suka koma ga rediyo da hirar baki. Amma kuɗin da 'ya'ya ke turowa ya tsaya, babu hanyar kiran taimako idan an kawo hari ko ciwo ya tashi cikin dare, rasuwa takan kwana biyu kafin dangi su ji. An koma ba direbobi wasiƙa, a lokacin da hanyoyin da kasuwannin da tsohon tsari ya dogara da su suke rufe ko suke da haɗari. Darasin a fili yake: zaman da aka yi kafin waya ba ya dawowa don an kashe waya, domin mutanen da ke kewaye da tsoho a wancan zamani sun watse.

Inda lamarin ya tsaya

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Zirga-zirga ta ƙaru, wasu manoma sun koma gonakinsu. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa sana'a a birane ba za su dawo da zama ba, don haka dattawan Kuyello za su ci gaba da rayuwa da rabin iyalinsu a cikin waya.

Abin da shekarun nan suka nuna shi ne tasirin kafafen a kan tsoho ya rataya ne ga abubuwa uku: wanda ke magana da shi, abin da ake turo masa, da ko shi ma ana sauraronsa. Idan muryoyin da ya sani ne, ana neman shawararsa, yana kuma iya sarrafa wayar gwargwadon buƙatarsa, himmarsa tana ƙaruwa, kaɗaici ya ragu. Idan kuwa an bar shi yana karɓar duk abin da ya faɗo daga baƙi, ba mai tace masa, ba mai tambayarsa, fargaba da janyewa ne ke biyo baya.

Mafi yawan gyaran yana hannun iyali da unguwa. Masu kula da zaurukan dangi za su iya hana tura hoton gawa da labarin da ba a san tushensa ba. Gargaɗin tsaro ya fi amfani idan ya bi ta hannun mutane ƙalilan da aka amince da su, kamar mai unguwa da limami da shugabannin 'yan sa-kai. Labarin rasuwa ya kamata ya isa ga dattijon gida ta bakin mutum kafin a sa shi a zaure. Malaman Islamiyya da ma'aikatan asibitin karkara za su iya koya wa tsofaffi ƙa'idoji kaɗan: banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, kuma ba a barin maganin likita saboda muryar da aka turo. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, da gidajen rediyon Hausa da tsofaffi suka fi yarda da su, suna da rawar takawa wajen wannan wayar da kai, kamfanonin sadarwa kuma wajen kai sabis mai ƙarfi ƙauyuka. Akwai kuma aikin da wayar ta sauƙaƙa wanda lokaci ke ƙure masa: naɗar muryoyin dattawan da suka san tarihin garuruwan da suka tashi, da iyakokin gonaki, da salsalar gidaje, domin waɗanda za su koma su zauna a wuraren nan za su buƙaci wannan sani wajen raba gado da sasanta rikicin ƙasa.